Sanarwa Kan Rage Amfani da Leda

Assalamu alaikum, ƴan uwa mambobin wannan rukuni.

Muna roƙon kowa ya tanadi jakar sayayya mai ƙarko, domin mu rage ledar da muke karɓa duk lokacin da muka je cefane. Leda ba ta ruɓewa a ƙasa, sai dai ta marmashe ta shiga ruwa da gonaki, ta toshe magudanai, dabbobi kuma su haɗiye ta ta tsaya musu a ciki. Toshewar magudanai lokacin ambaliya ce ta sa Bangladash ta haramta leda marar kauri a 2002, sannan Ruwanda ta kafa tata dokar a 2008, Kenya kuma a 2017. Kada a dogara da sake sarrafawa, domin ƙididdigar OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta nuna kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya.

Sai dai ita ma jakar auduga tana cin ruwa da makamashi wajen yin ta. Binciken hukumar muhalli ta Ingila na 2011 ya nuna sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta fi ledar da aka yar bayan amfani ɗaya sauƙin illa ga yanayi. Saboda haka, a ganinmu, tara jakunkuna barkatai ɓarna ce. Biyu ko uku sun wadatar.

A ajiye ɗaya kusa da ƙofa ko cikin abin hawa, tunda mantuwa ce ke mayar da mutane ga leda. A ware ta ɗanyen nama daban, a riƙa wanke ta tana bushewa kafin a naɗe.