Zuwa ga mutumen Jos

Assalamu alaikum, mutumina.

Shirun ya yi yawa. Ko sanyin Filato ya daskarar maka da yatsu ne? Ya amarya? Hajiya ta ce tun bikin auta ba ta ƙara jin ɗuriyarka ba.

Mu nan Sakkwato bazara ta sa mu gaba. Ka san Afrilu, da azahar zafi kan haura digiri 42, rodi ba ya taɓuwa sai da tsumma. Makon jiya muna zuba dekin wani gida a Arkilla, sai wani yaro mai ɗaukar kwanon kankare ya fara tangaɗi, yana kiran kakarsa da ta daɗe da rasuwa. Nan take aka ce iska ce, a nemo malam. Na taɓa shi, jiki zafi rau, fata a bushe, ba ɗigon zufa. Na ce wanga ba aljani ba ne, rana ce. Muka ja shi gindin darbejiya, muka tuɓe masa riga, muka yi ta kwarara masa ruwan tanki, ƙanƙara a wuya da hammata, ana fifita da kwali har mota ta zo. Wani ya so ɗura masa ruwa, na hana, wanda ba ya cikin hayyacinsa shaƙewa zai yi. A asibiti likita ta ce in zafin jiki ya wuce 40 har mutum ya fara sambatu, jinkiri kan kai ga rasa rai. Alhamdulillahi, ya tashi.

Kai da ka taɓa sumewa a layin mai, ban da dariya.

Yanzu da an sallame asuba muke kama aiki, sha biyu a tashi, sai bayan la'asar. Randa na inuwa, kowa kofi guda duk minti 20, ko bai ji ƙishi ba. Muna haɗa ruwan gishiri da sukari: ruwa lita ɗaya, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar sharaɓa, ko fitsari ya yi ja, a aje kwano a zauna. Sabon lebura kuma sai ya yi mako yana sabawa kafin in sakar masa aiki sosai. Mai gidan na ta mita wai muna ja masa lokaci, shi da ke zuwa duba aiki cikin mota mai esi.

Af, mai shayinmu na bakin tasha ya yi ta uku, bashinka kuma bai manta ba. In za ka zo sallah, riƙo mana buhun dankalin Turawa.

Naka,
abokinka na Mabera