Rahoton Ayyukan Shekara: Kuɗin Wata, Rabon Tikiti da Ayyukan da Suka Rage

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawan ƙungiya da sauran 'yan uwa magoya bayan kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa.

Da kuɗin wata zan fara, domin duk abin da aka yi da wanda aka kasa yi a bana daga nan ya taso. Waɗanda suka biya cif har ƙarshen kakar wasa ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Akwai waɗanda tun watan da suka shiga ba a sake ganin sisinsu ba. Na tura saƙo a WhatsApp, na buga waya, na tare wasu a bakin ƙofar filin wasa, amsar dai ɗaya ce: "Malam Sakatare, a ɗan ƙara min lokaci." Ba albashi nake karɓa ba, kuma ina da iyali da sana'a kamar kowa. Na gaji da bin manya ina roƙonsu abin da su da kansu suka ɗaga hannu suka amince da shi.

An yi tarurrukan wata-wata, ban da biyu da mutane ba su cika ba.

Abin alfaharinmu a bana shi ne rabon tikitin wasan kusa da na ƙarshe. Kun tuna yadda muke a da. Babban wasa na zuwa, sai wanda ya fi kusa da shugabanni ko ya fi ɗaga murya ya samu, wanda ruwa ya yi wa duka a ƙananan wasanni ya koma kallo a talabijin. Kuma ƙarancin tikiti ba mu kaɗai ya dama ba. A gasar cin kofin duniya, kashi 8 cikin 100 na kujerun fili FIFA ke ware wa magoya bayan kowace tawaga. A wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai da aka yi a Faris a 2022, Liverpool da Real Madrid kowacce kimanin tikiti 20,000 ta samu a filin da aka shirya wa mutum 75,000. In manya irin waɗannan ba su wadata ba, mu da kulob ke ɗan yago mana namu kason fa? Tun da ba zai isa kowa ba, abin da ya rage mana shi ne a raba shi da gaskiya.

Shi ya sa muka ɗauki tsarin maki. Biyan kuɗin wata a kan lokaci maki ɗaya, zuwa wasan gida maki ɗaya, wasan waje maki biyu, saboda ya fi wahala da cin aljihu. Kashi 70 cikin 100 na tikitin na masu maki mafi yawa ne, sauran 30 a jefa ƙuri'a tsakanin duk wanda ba a binsa bashi. Haka ƙungiyar masu bin tawagar Ingila wasannin waje take raba nata. Wasu sun so a bar komai ga maki, ni kuwa na tsaya kan ƙuri'ar, domin in ba ita, sabon shiga ba zai taɓa leƙa babban wasa ba, ga kuma ɗalibai da masu aikin dare.

Ranar rabon ɗakin taro ya cika har waje. An manna jerin maki a bango kwana uku kafin nan, duk mai ƙorafi ya kawo an duba littafi. Tikitin farko na dattijonmu mai ganga ne, wanda bai tsallake wasan waje ko ɗaya ba. Da aka miƙa masa sai ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Yarana, yau dai ban roƙi kowa ba." Daga nan aka rubuta sunaye a 'yan takardu, aka nannaɗe, aka zuba a bokiti, aka kira yaron wani memba da bai iya karatu ba tukuna ya riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya. Sunan mataimakin shugaba bai fito ba, makinsa ma bai kai ba. Bai ce uffan ba. Ranar wasa shi ya raka bas har ta tashi, ya koma ya kalla tare da sauran da ba su samu ba. Allah ya saka masa da alheri, don abin da ya yi ya rufe bakin masu cewa ƙananan membobi kaɗai tsarin zai ci. Muka tafi tare, muka zauna wuri guda, muka dawo ba wanda ya zagi wani.

Mutum ɗaya ya ɓata mana rai: ya sayar wa 'yan bumburutu tikitinsa a bakin ƙofa. An soke makinsa na shekarar. In kulob ya ga baƙi a kujerun da ya ba mu, kason ne zai janye gaba ɗaya.

Katin shaida mai hoto bai fito ba, na kuma san ana ta magana. Mai bugawa ya ce sai an ba shi rabin kuɗi, asusu kuwa abin da ke ciki ya tafi a hayar bas. Hotunan ma da yawa ba su kawo ba. Sabuwar tuta da gyaran ganguna su ma nan suka tsaya. Duk mai shakka, littafin ma'aji a buɗe yake.

Ga 'yan uwan da ba a ganinsu sai ana gobe babban wasa, wayata ta yi ta ƙara har tsakar dare: ba a fafe gora ranar tafiya. Ba ni da tikitin da na ɓoye a aljihu. Wanda ake bin bashi ya biya kafin wasan farko na sabuwar kaka, in ba haka ba sunansa ba zai shiga bokiti ba. A taro mai zuwa kowa ya zo da hotonsa guda biyu, kuma ina neman mutum biyu da za su riƙa rubuta sunayen masu zuwa wasan waje.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya