Jif mai haibirid ko mai caji: wacce za ta iya da Sakkwato?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili mu yi magana da masu shirin sayen jif a Sakkwato da kewaye. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta taɓa haura dubu, hankalin jama'a ya koma kan motocin da ke haɗa fetur da lantarki. Dillalai sun ga kasuwa, duk motar da aka rubuta wa Hybrid a bayanta sai a ce ba ta shan mai. Mu da sana'armu ita ce gyaran inji da wayar mota, ra'ayinmu shi ne: ga mafi yawan mutanen garin nan, haibirid wadda ba a jona ta da wuta ita ce ta dace. Mai caji kuwa sai wanda yake da sola mai ƙarfi a inda motar ke yini.

Haibirid ta gama-gari, irin RAV4 Hybrid, Highlander Hybrid, Lexus RX450h da Honda CR-V Hybrid, batirinta ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da yunit ɗaya zuwa biyu, irin yunit ɗin da muke saye a mita. Ita ke cajin kanta daga inji da kuma duk lokacin da aka taka birki. Mai caji, irin RAV4 Prime da Mitsubishi Outlander PHEV, batirinta babba ne, na Prime yunit 18.1 ne, ana jona ta a soket ta yi tafiya da wuta zalla kafin inji ya karɓa. Akwai kuma wata ta uku mai ɗan batiri na bolt 48 da ke taimaka wa inji kawai. Wannan ba ta tafiya da lantarki ita kaɗai, ragin man da take yi kaɗan ne, kada a biya kuɗin haibirid a kanta.

Wajen shan mai, alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka sun isa a yi awo da su. RAV4 ta 2019 zuwa sama mai fetur zalla tana shan kusan lita 8.7 a kilomita 100 cikin gari, 'yar'uwarta haibirid kuma kusan 5.7. A babban titi tazarar tana raguwa ta koma ƙasa da lita ɗaya, domin a can ba a yawan taka birki, inji ne ke aiki kusan duk tafiyar. Highlander ta 2020 mai silinda shida tana haura lita 11 cikin gari, haibirid ɗinta kusan 6.5. Ke nan wanda zirga-zirgarsa daga Arkilla zuwa kasuwa ne, kai yara makaranta, tsayuwa a shataletale da cunkoson 'yan kabu-kabu, shi ne zai ga amfaninta a aljihunsa. Wanda kullum yana hanyar Gusau ko Birnin Kebbi ba zai ga abin da aka yi masa alkawari ba.

A yi lissafi kafin a saya. Mai yin kilomita 1,000 a wata cikin gari da RAV4 zai rage kimanin lita 30. A ƙaddara lita naira dubu ce, dubu 30 ke nan a wata, dubu 360 a shekara. Idan haibirid ta fi ta fetur tsada da miliyan uku, sai an haura shekara takwas kafin kuɗin su dawo. Ga mai Highlander, ko wanda ke yini a kan titi, lokacin ya fi haka gajarta sosai. Akwai kuma ribar da alƙaluman Amurka ba su nuna ba: na'urar sanyaya ta haibirid da lantarki take aiki, don haka wanda ya tsaya jiran wani a bazara da sanyi a kunne, injinsa yana tashi ne jefi-jefi, ba ya ta gurnani yana ƙona mai.

Yanzu mai caji, inda aka fi ruɗar mutane. Cika batirin RAV4 Prime yana cin kusan yunit 15 daga bango, ya ba ka kilomita 68 bisa gwajin Amurka, a zafinmu da sanyi a kunne kuma ƙasa da haka. Wanda ke kan layin Band A, wato layin da wuta ta fi zama kuma ta fi tsada, na kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda shi ke kula da Sakkwato, Kebbi da Zamfara, an kai masa yunit naira 209.5 a watan Yulin 2024. Cika ɗaya ya haura naira dubu uku. Haibirid ta gama-gari za ta yi wannan tafiyar da lita huɗu. Ribar ba ta kai dubu ɗaya ba a kowace cika, alhali motar ta fi tsada da miliyoyi. Wanda ke layin da wuta ke da araha, ita wutar ce ba ta zama, ga shi soket ɗin gida mai ba da amfiya 10 yana buƙatar awa shida zuwa bakwai ba yankewa. Janareto kuwa hasara ce tsagwaronta: ƙaramin janareton fetur ba ya ba da fiye da yunit biyu da ɗan wani abu a lita, sai ka ƙona lita shida zuwa takwas don ka guje wa ƙona huɗu.

In kuma ba a caji, ka sayi nauyi ne kawai. Prime ta fi RAV4 Hybrid nauyi da sama da kilo 200, Outlander PHEV kuma idan batirinta ya ƙare tana shan kusan lita tara a kilomita 100. Ko a Turai, inda wuta ba ta ɗaukewa, rahoton Hukumar Tarayyar Turai na 2024 ya gano cewa hayaƙin da irin waɗannan motoci ke fitarwa a kan titi ya ninka na gwaji kusan sau uku da rabi, saboda masu su ba sa jona su kamar yadda aka zata.

Ba wai muna kushe fasahar ba ne. Ɗan jiharmu Jelani Aliyu shi ya zana siffar farko ta Chevrolet Volt, ɗaya daga cikin motocin farko masu caji, kuma lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Rana ita ce arzikinmu, a kanta mai caji ke yin ma'ana a nan. Yunit 15 a yini yana buƙatar ƙarin faifan sola kusan bakwai masu wat 550, bayan waɗanda ke ɗauke da gida, da infata mai kVA 5 ko sama. Sharaɗin shi ne motar ta kasance a wurin da rana. Idan tana ofis daga safe zuwa la'asar, sola kuma tana gida, sai ka ƙara sayen batirin gida da zai adana wannan wutar har dare, lissafin ya sake rushewa. Mai asibiti, mai makaranta ko mai shago da ya shimfiɗa sola a wurin aikinsa, shi ne mutumin wannan mota. Ya kuma duba wayar cajin: wadda ke zuwa da motar Amurka ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230, jona ta kai tsaye na iya ƙona ta. Bakin cajin Amurka daban, na Turai daban, na Sin daban. Dole a ja wa motar layinta na musamman da waya mai kauri da wayar at (wadda ake binnewa a ƙasa) ta gaskiya, don caja da yawa ba sa tashi in ba su ji at ba. Kada a yi amfani da doguwar wayar ƙari ta kasuwa, narkewa take yi.

Abin da ke kashe haibirid a Sakkwato zafi ne da ƙura. A yawancin haibirid na Toyota da Lexus, babban batirin yana ƙarƙashin kujerar baya, fanka ce ke jawo iskar cikin mota ta hura masa. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta ya fi haka nesa ba kusa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana toshe ragar da ke bakin ramin iskar. Idan ta toshe, batiri ya yi zafi, kwamfutar motar ta rage amfani da shi, inji ya riƙa tashi ba dalili, shan mai ya ƙaru, ƙwayoyin tsakiyar batirin su fara mutuwa. Maganin ba tsada: a cire ragar a kakkaɓe duk wata a lokacin hunturu, a kwance fankar a share ta sau ɗaya a shekara, kada a toshe ramin da jaka, darduma ko rigar kujera. A nemi inuwa wajen ajiye mota. Masu kashe sanyi su sauke gilashi don tsimin mai su sani cewa a haibirid, batirin ne ke biyan wannan tsimin.

Na biyu shi ne hannun wanda bai san motar ba. Kwamfuresar sanyi tana da nata mai na musamman, ND-11 a motocin Toyota, wanda ba ya ɗaukar wuta. Idan mai gyaran sanyi ya zuba man da ya saba zubawa, ko ya yi amfani da tiyon da ya gurɓata da shi, wuta na iya zurarewa, motar ta nuna lambar matsala P0AA6 ta ƙi tashi. Infatar motar tana da nata ruwan sanyaya da famfonta daban da na inji, ruwan hoda na kamfani ake sa mata, ba ruwan rijiya ko na leda ba. Baƙin mai 0W-20 ne ko 0W-16, yadda aka rubuta a murfin, ba 20W-50 da aka saba ba, domin injin yana mutuwa yana tashi sau da yawa a tafiya guda, mai kauri ba ya isa sama da wuri. Wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da sama da bolt 200, suna kisa, rewayan da bai koyi aikinsu ba kada ya taɓa. Kada a tayar da wata motar da ƙaramin batirinta, kada a bar fetur ya ƙare a ci gaba da lallaɓawa da lantarki, kada kuma a ja ta da igiya tayoyi na ƙasa, ɗora ta ake yi a kan babbar mota.

Ranar saye, kada a amince da cewa babu wata fitila a dashbod, goge ta ba wuya. A je da mai kwamfutar da ke karanta haibirid, ko manhajar Techstream ta Toyota ko ƙaramar na'urar karanta mota ta OBD2 da manhajar Dr. Prius a waya. A tuƙa motar minti 30 da sanyi a kunne, a taka totur sosai, ana kallon bolt na kowane rukunin ƙwayoyi. Ya kamata su tafi kafaɗa da kafaɗa. Idan ɗaya yana faɗuwa ƙasa da sauran da kusan bolt ɗaya, ko ma'aunin batiri a allo yana cika yana zubewa cikin 'yan mintuna, ko lambar matsala P0A80 ta fito, batirin ya gaji, a cire kuɗin sabo daga farashi ko a haƙura. Canza ƙwaya ɗaya ko biyu ba ya daɗewa, tsofaffin da ke gefenta ne za su biyo baya. Garantin shekara 10 da Toyota ke bayarwa kan batiri a Amurka tun motocin 2020 ba ya ƙetaro teku tare da motar.

A binciki lambar jikin mota, wato VIN mai harafi 17, a Carfax, shafin tarihin motoci, domin da yawa daga motocin gwanjon Amurka na hatsari ne ko waɗanda ambaliya ta cinye. A ɗaga kafet a duba laka da tsatsa a ƙasan kujeru, a shinshina. Haibirid da ta sha ruwa ko kyauta ce tana da tsada. RAV4 Hybrid ta 2019 zuwa 2021 da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, a ɗaga ta a duba mahaɗin babbar wayar da ke shiga injin lantarki na baya, an san shi da cin tsatsa.

Wajen zaɓi, muna karkata ga Toyota da Lexus, don sun fara wannan fasaha tun Prius ta 1997, kayansu da masu gyaransu sun fi samuwa daga nan har Kano da Kaduna. RAV4 ga ƙaramin iyali, Highlander ga mai buƙatar layin kujeru uku. Tsofaffin RX400h da Highlander Hybrid na 2006 zuwa 2008 araharsu na jan ido, amma batirin da ya kusa shekara 20 ba abin dogaro ba ne sai an ga shaidar an canza shi. Sabbin jif na ƙasar Sin masu caji kuwa, kafin a biya a tambayi mai sayarwa wa zai karanta kwamfutarta a Arewa, kwana nawa kayanta ke ɗauka kafin su iso Sakkwato, kuma ya rubuta amsar a takardar ciniki tare da takardun kwastan na asali.

Wassalam.

Daga wasu makanikai da masu gyaran wayar mota,
Sakkwato.