Amsa ga mai walda na Zango: tashar da ba ta tsayawa ba lallai ce lafiyayya ba

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ka bugo waya a shirin rediyo na daren Lahadi ka jefo mini tambaya, lokaci ya ƙure aka rufe shirin ban amsa maka ba. Cewa ka yi ka ji tashoshin wutar nukiliya na Amurka suna aiki sama da kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsu a shekara, to wannan bai isa shaidar lafiyarsu ba? Ka ƙara da cewa tunda uraniyum daga Arlit yake fita, ga shi gwamnati ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2025, me zai hana a gina mana mu huta da ɗauke wuta? Na san inda ke maka ƙaiƙayi. Mai walda in babu wuta sai zaman benci, ƙofar mutane na jingine, yara na jiran kuɗin cefane.

Lissafin da ka ji gaskiya ne. Tukunyar nukiliya, wato zuciyar tashar inda uraniyum ke ba da zafin da ake mayarwa wuta, in aka loda mata makamashi takan yi wata 18 zuwa 24 tana aiki dare da rana kafin a tsayar da ita a sake lodi. Babu injin gazuwal ko hasken rana da zai ja da ita a nan. Amma wannan lissafi wutar da aka sayar yake faɗa, ba ya faɗin abin da ke cin ƙarfe a ciki.

Ga misali. A jihar Ohayo ta Amurka akwai tashar Davis-Besse, wadda a lokacin kamfanin FirstEnergy ke riƙe da ita. A 2001 hukumar sa ido ta ƙasar ta so a tsayar da ita kafin ƙarshen shekara a duba tsagewa a murfin tukunyar. Kamfanin ya nemi a ɗaga masa ƙafa, aka bar shi har Fabrairun 2002. Da aka buɗe, cikin watan Maris, sai ga rami. Ruwa mai sinadarin boron ya daɗe yana ɗiga ta wata 'yar tsaga, ya cinye ƙarfe mai kaurin kusan santimita 15. Abin da ya rage tsakanin ruwan tukunya mai tsananin matsi da waje bai wuce fallen ƙarfe na santimita ɗaya ba, shi ma ya fara kumbura. Kai da ke sana'ar ƙarfe ka fi ni sanin ma'anar wannan. Kuma alamu ba su ɓuya ba: matatan iska na na'urorin awo sun yi ta toshewa da tsatsa, ana cirewa ana sa sababbi, ba a tsaya an bi sawun tsatsar ba. Duk tsawon wannan lokaci tashar tana ba da wuta, takardunta fes. Shekara 2 ta yi a rufe, kamfanin kuma ya biya tarar dala miliyan 28 a 2006. Kamar direban Agadas ne da ke alfaharin bai taɓa kwana a gareji ba, alhali birkinsa ya cinye.

Faransa kuma akasin haka ta yi. A ƙarshen 2021 aka ga tsagewa a bututun tashar Civaux, kamfanin lantarkin ƙasar, EDF, ya bi sauran tukwanensa yana tsayarwa yana dubawa. A 2022 wutar nukiliyar ƙasar ta faɗi ƙasa yadda ba a gani ba cikin shekara 30, har Faransa mai sayar wa maƙwabta wuta ta koma saye. A takarda shekarar asara ce. Ni a wurina ita ce shekarar da ta fi kwantar da hankali, domin an ga aibi an tsaya.

Sai maganar gida. Tukunyar nukiliya ko an kashe ta ba ta hucewa nan take. A lokacin da aka tsayar da ita tana ci gaba da fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafinta, yana raguwa sannu a hankali, dole famfuna su yi ta zagaya da ruwa kwana da kwanaki. Famfunan nan wuta suke so daga waje. Abin da ya ci tashar Fukushima ta Japan ke nan ranar 11 ga Maris 2011: tukwanen sun tsaya da kansu yadda aka tsara, girgizar ƙasa ta katse layin waje, igiyar teku ta shanye injinan ko-ta-kwana, tukwane 3 suka narke. Wato tashar nukiliya ita ma mai buƙatar wuta tsayayya ce. Mu kuwa nan Damagaram da Maraɗi layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa muka daɗe muna dogaro da shi, kuma ba ka manta abin da muka sha ba da Najeriya ta katse wuta a Agustan 2023.

Injiniyoyi suna da ƙa'ida: kada tukunya guda ta wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa gaba ɗaya, don ranar da ta tsaya kwatsam kada ta ja kowa cikin duhu. Kowace tukunya cikin 4 da Rosatom ke gina wa Masar a El Dabaa megawat 1,200 ce, guda ɗaya ta ninka abin da Nijar duka ke sha. Ko Afirka ta Kudu, mai tashar Koeberg tun 1984, ta ɗanɗana: a ƙarshen 2005 wani ƙusa da aka bari cikin janareta ya lalata shi, birnin Kef Tawun ya sha ɗauke wuta a 2006.

Ruwan sanyaya ta kuwa, ba sai na gaya wa ɗan Damagaram mai bin 'yan garuwa da rani ba. Ana iya dabara, tashar Palo Verde a hamadar Arizona da ruwan kwatar birni da aka tace take aiki, amma sai birnin ya samu ruwan tukuna. Uraniyum ɗin Arlit ma ba a ɗura shi kai tsaye. Ɓangarensa mai amfani kashi 0.7 ne cikin 100, sai an kai waje an inganta shi ya kai kashi 3 zuwa 5 kafin ya zama makamashi.

Kada ka ɗauka ina cewa Nijar ta haƙura. Ina so in ga yaranmu na jami'ar André Salifou sun ƙware a wannan fanni, ina so a haɗa layukan wutar gabas da yammacin ƙasar su yi ƙarfi, ko ba don nukiliya ba. Muna da hukumar sa ido kan harkar nukiliya, ARSN, a ba ta ƙwararru da kuɗinta na kanta tun kafin a haƙa tushe. Ranar da aka kawo wani babban jami'i shirin nan, ka sake bugowa ka tambaye shi: in sufeto ya ga tsatsa a watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, yana da ikon tsayar da tashar ba tare da ya nemi izinin minista ba? Kuma in ya tsayar, daga ina Damagaram za ta samu wuta a watannin gyara?

A gaida yaran shago.

Yayanka,
tsohon ma'aikacin lantarki, Birni, Damagaram