Yaron da anka dakatar saboda karatu, ya dawo ya ɗauko kofi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaisuwa, da jinjina ga ma'aikatanku musamman masu shafin wasanni, ko da yake ƙorafina a kansu ɗaya ne, kullum ƙwallon ƙafa, yau Arsenal ta ci gobe Madrid ta sha kashi, kamar duniyar nan ba wani wasa. Don Allah ku ɗan sam min fili in yi maganar ƙwallon kwando, don abin ya kwana biyu yana cina a rai.

Shekaranjiya da dare muna wurin mai shayi nan Mabera sai ƙanena ya faka kabu-kabunshi ya zo ya zauna kusa da ni, bai ce min uffan ba ya miƙo min waya, gilashinta duk ya tsattsage, ya ce yaya kalli wanga. Tsohon bidiyo ne a YouTube na wani ɗan wasa Jerian Grant na jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiana a Amurka. Ni na san labarin tun tuni amma ban taɓa kawo shi kusa da gidanmu ba sai daren nan.

Ga yadda abin yake. A watan Disamba na 2013 yaron nan shi ne gaba a tim ɗinsu, wasa 12 anka buga yana zuba maki kusan 19 a kowane wasa, kwatsam sai anka ji ya bar makaranta saboda matsalar karatu. Ba rauni ya ji ba, ba faɗa ya yi da koci ba. Shi da kanshi ya fitar da sanarwa ya ɗau laifin ya ba abokan wasanshi haƙuri. Kuma ba ɗan talaka ba ne balle a ce an raina gidansu, babanshi Harvey Grant ya buga NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan kwando ta Amurka, baffanshi Horace Grant ya ci kofuna tare da Michael Jordan a Chicago, duk da haka ba wanda ya ɗaga waya ya ce a duba min yaron nan, ko ma an ɗaga to ba ta yi aiki ba. Tim ɗin ta sha wuya kuwa, ta gama kakar da nasara 15 rashin nasara 17, kocinsu Mike Brey yana ji yana gani.

To amma ga inda nake so masu karatu su tsaya. Ba su rufe mishi ƙofa ba. Simesta ɗaya ya yi a waje, ya sake neman shiga anka karɓe shi, ya dawo kakar 2014 zuwa 2015 ya ja ragamar tim ɗin nan sunka ci wasa 32 sunka faɗi 6 kacal, sunka doke North Carolina 90 da 82 sunka ɗau kofin gasar ACC, wato gasar rukunin jami'o'in da suke ciki, shi anka ba gwarzon gasar, sannan a babbar gasar ƙasa sunka kai cikin takwas na ƙarshe inda Kentucky, wadda ba wanda ya doke ta duk kakar har zuwa ranan, ta sha da ƙyar 68 da 66. Watanni kaɗan bayan haka anka ɗauke shi na 19 a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA.

Su can hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ba ta bar maganar karatu ga son ran kowa ba, a rubuce take. A babban rukuninsu dole ɗan wasa ya ci aƙalla yunit 6 kowane simesta, kafin ya shiga shekara ta biyu GP ɗinshi, wato matsakaicin makin jarrabawarshi, kada ya gaza 1.8 cikin 4, kafin shekara ta huɗu ya kai 2.0, kuma kafin ya shiga shekara ta uku sai ya gama kashi 40 cikin ɗari na digirinshi. Ka gaza, ka cire riga ka zauna, ka gyara ka dawo. Ban ce tsarin nasu ba ya da aibi ba, su ma sun daɗe suna rigima a kai, har a 1989 kocin Georgetown John Thompson ya fice daga fili ana shirin soma wasa don nuna fushi kan wata doka da ya ga 'ya'yan talakawa baƙar fata za ta fi cuta. Amma dai yaro ya san inda layi yake, ya kuma san hanyar dawowa.

Mu fa? Bari in faɗi na gidanmu tunda shi na sani. Ƙanen nan nawa dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin Inna, kuma wallahi ya iya, ba don yana jinina ba. Ya samu wata babbar makaranta, ba zan kira suna ba, tun shekarar farko anka sa shi tim, shekara ta biyu anka ba shi kyaftin. Kullum atisaye da la'asar, tafiye-tafiye, sati biyu ba ya aji. Rizal ɗin farko ya fito da kari-oba uku, wato ya faɗi kwas uku, ni da kaina na je na same su na ce malam yaron nan fa karatunshi na lalacewa, sai anka ce min haba Alhaji kwantar da hankalinka, namu ne, za mu yi magana da lakcarori. Wasu sunka taimaka, wasu sunka ƙi, kuma ni yau waɗanda sunka ƙi su nake gani da mutunci. Haka anka yi ta lallaɓawa, uku sunka koma biyar, biyar sunka koma takwas, shi ko gogan yana ta jefa ƙwallo ana tafi, ba wanda ya taɓa ce mishi ajiye rigar nan sai ka gyara.

Ranar da abin ya fashe ina tare da shi. Takarda ce anka manna a allon sanarwa da ƙusoshi, iska na kaɗa gefenta, ya bi lambobi da yatsa tun daga sama, ya wuce tashi ya dawo, sai na ga yatsan ya tsaya. An kore shi. Mutanen da ke cewa namu ne kuwa, ɗaya ya ce yana mitin, ɗaya wayarshi a kashe, sati bai cika ba wani ya sa rigar kyaftin. Laifi dai nashi ne na farko, na faɗa mishi ido da ido, ni ma ina da nawa tunda na ji daɗin zancen na koma gida na kwanta. Amma da tun a kari-oba ukun nan anka zaunar da shi benci na wata huɗu, ya yi kuka ya yi fushi da kowa, da yanzu wani zance ake.

Abin da ke ƙara ban haushi, mutane na ganin kamar wasan nan ba namu ba ne. Hakeem Olajuwon fa, wanda anka ɗauka na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 1984 ya ci wa Houston kofin NBA a 1994 da 1995, ƙwallon hannu yake bugawa a makarantarsu ta Legas, a wani bikin wasannin kwalejojin malamai da anka yi nan Sakkwato anka fara sa shi cikin tim ɗin kwando yana ɗan shekara 15. A garin nan namu! Dogayen yara kuwa ba mu rasa su ba, ka tsaya Gawon Nama da yamma ka ƙirga.

Roƙona ga shugabannin manyan makarantunmu na jihar nan da daraktocin wasanni da masu shirya NUGA, wato gasar wasannin jami'o'in Najeriya, a rubuta ƙa'ida a manna ta a ƙofar fili kowa ya gani, kari-oba kaza ba ka buga wasa simesta mai zuwa, ka goge su rigarka na jiranka. A haɗa yaron da wanda zai zauna da shi kan kwas ɗin da ya faɗi, ko ɗalibin aji huɗu ne a ba shi ɗan na sabulu. Kuma koci ya riƙa ganin rizal kafin ya rubuta sunayen masu tafiya gasa, ba bayan an dawo ba.

Shi dai ƙanena da munka gama kallo ya karɓi wayarshi ya sa aljihu, ya shanye sauran shayina, ya tambaye ni ko na san nawa fom ɗin JAMB yake bana. Na ce zan bincika. Da safe da na leƙa gidan Inna na tarar ya jawo tsohuwar ƙwallon nan daga ƙarƙashin gado duk ƙura ta sace, wai zai biya wurin mai faci a sa mata iska in ya sauke fasinjan farko.

Na gode Malam Edita, Allah shi ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karanta ku daga Mabera, Sakkwato