Godiya ga ma'aikatan laburaren Oodi da ke Helsinki

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan laburaren Oodi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya. Na rubuto wannan wasiƙa da Hausa, a bainar jama'a, don 'yan'uwana mazauna ƙasar nan da na gida su ji alherin da kuka yi mini da 'ya'yana biyu.

A Kano na tashi, kuma a unguwarmu gidan gem ba wurin da uba zai so a ce an ga ɗansa ba ne. Ɗan shago ne, janareta na ruri a ƙofa, yara sun cika shi maƙil, wani ma da canjin cefanen gidansu ya biya. Da wannan idon na zo Finland. Shi ya sa da babban ɗana, mai shekara 11, ya fara yi mini nacin wasannin da 'yan ajinsu ke hira a kai, sai na yi kunnen uwar shegu. Ga kuma tsada, sabon wasa ɗaya sai ya ci yuro 60 ko fiye. Amma abin ya dame ni. A watan Disamba tun kafin ƙarfe uku da rabi rana ta faɗi, yaro ya dawo daga makaranta ya zauna jugum, a aji kuma in an ɗauko hirar sai dai ya yi shiru.

Malamarsu ce ta ce mu leƙa laburare. Na ɗauka littafi take nufi.

Ranar wata Asabar muka zo. Na sha wuce ginin nan naku da ke fuskantar majalisar dokoki, wanda aka buɗe ranar 5 ga Disamba, 2018, ban taɓa sanin abin da ke hawa na biyu ba: kekunan ɗinki, ɗakunan ɗaukar sauti, da ɗakunan wasa, kowanne da talabijin da na'urarsa. Aka yi wa yaron kati, na sa hannu tunda bai kai shekara 15 ba. Na ciro walat ina tambayar nawa ne, ma'aikacin ya ce ai dokar laburare ta ƙasar ce ta ce aro kyauta ne ga kowa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bayan wata biyu, lokacin na riga na saya musu na'urar wasan gem ta hannu mai suna Nintendo Switch. Yaron ya ɗauko wani wasa mai lamba 16 a jikin kwalinsa, ni kuwa ban ma san ma'anar lambar ba. Wata ma'aikaciya, dattijuwa mai furfura, ta karɓa ta duba, ta ɗora yatsa a kan lambar, ta gaya masa a hankali cewa wannan sai ya ƙara girma. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi mini kallon uban da bai san abin da ɗansa ke ciki ba. Sai ta koma da shi wurin kantar wasannin, ta durƙusa daidai tsayinsa, ta tambaye shi me yake so, tsere ko gini ko ƙwallo. Sun fi minti goma suna zaɓe. Ya fito da biyu yana murmushi, ya manta da na farkon. A wurin na koyi duba lambobin nan masu nuna shekarun da suka dace da kowane wasa, 3 da 7 da 12 da 16 da 18, kuma tsoron da na taho da shi daga gida ya kwanta. Ashe akwai mai taya ni tsaron ƙofa.

Yanzu ta intanet muke neman wasa, a kawo mana shi reshen unguwarmu, mu mayar a duk wanda ya fi kusa cikin Helmet, wato haɗakar laburarorin Helsinki da Espoo da Vantaa da Kauniainen. Wani lokaci layin masu jira kan yi tsawo, sai yaron ya riƙa leƙa lambarsa kullum da safe. Ranar mayarwa kuwa shi yake rubutawa ya manna a jikin firiji, kuma kafin ƙanwarsa ta taɓa kwalin sai ya sa ta wanke hannu, yana ce mata kayan aro ne, wani na jira.

Ban san sunan dattijuwar nan ba, don haka ina roƙon ku isar mata da gaisuwata. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ɗaukaka wannan gida. Asabar mai zuwa muna tafe in Allah ya yarda, ƙanwar ta cika shekara 7, ta ce ita ma a yi mata nata katin.

Naku,
Wani uba daga gabashin Helsinki