Godiya ga garejin da ya gano abin da ke kashe min sensar salansa

Assalamu alaikum Malam, kai da yaran gareji baki ɗaya.

Godiyar da na yi maka a bakin gareji ba ta ishe ni ba, shi ya sa na rubuto ta a fili. Masu mota da yawa a Kano suna fama da irin abin da na yi fama da shi, kuma hakkinsu ne su ji cewa a garin nan akwai inda ake gyara da ilimi da tsoron Allah.

Motata Corolla ce ƙirar 2006, 'yar kwatano. Ciwonta ɗaya ne: fitilar cek ta kama, ta fara shan mai kamar ba gobe, a kai ta a sa mata kwamfuta a ce sensar oksijin, wadda ke jikin salansa tana auna hayaƙi don a daidaita mai, ita ce ta mutu. In je Ƙofar Ruwa in sayo wata, a ɗaura, a goge lambar matsalar da kwamfuta ta nuna, mota ta yi lafiya na ɗan lokaci, sai fitila ta dawo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ɗaya take nufi a aljihun mai iyali, don haka ga kuɗin sensa, ga kuɗin man da ke zurarewa.

Abin da ya fara bambanta ku da inda na saba zuwa shi ne ka ƙi sayar min da komai a ranar farko. Ka ce in koma gida in tattaro tsofaffin sensocin da aka cire, in suna nan. Allah ya sa suna cikin but, a leda. Ka jera su a kan kwali a ƙasa, ka kira yaranka suka tsuguna, kana juya bakin kowacce da yatsa. Wata bakinta baƙi ƙirin, toka mai laushi da ke gogewa a hannu. Wata kuma fari fat kamar an barbaɗa mata alli. Ka ce kowane launi da abin da yake faɗa: baƙin hayaƙi na nufin mai ya yi wa iska yawa, farin gari na nufin silikon ya shiga inji, toka mai kauri da ta daskare kuma takan nuna inji na ƙona baƙin mai ta ringi ko ta robar bawul. Idan ruwan lagireto ne ke shiga ta gasket, shi ma yakan bar nasa tabon. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya karanta mataccen ƙarfe haka ba.

Daga nan ka bi sawun farin garin har ka kai murfin saman inji. A can baya an taɓa buɗe shi, maimakon a sa sabon gasket sai aka lafta gam, har ya fito ta gefe ya bushe. Ka bayyana min cewa irin wannan gam ɗin, idan ba wanda aka yi don motoci masu sensa ba ne, tururinsa yana bin bututun numfashin inji ya shiga wurin ƙonewa, ya fita ta salansa, ya lulluɓe bakin sensa da wani abu mai kama da gilashi wanda ba ya wankuwa. Ko sensa nawa za a ɗaura, matuƙar gam ɗin yana nan, ajalinsu ɗaya.

Baƙin hayaƙin kuwa ya fito ne daga wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu, wadda ni dai yanzu nake ganin ya kamata a daina ta. An cire wa motar tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwan lagireto har inji ya ɗumama, an haɗa fanka dairek, wai don zafin Kano. Ka nuna min a kwamfutarka lambar P0128 ta rashin ɗumamar inji da P0172 ta yawan mai suna zaune tare da ta sensa, waɗanda a baya gogewa kawai ake yi ba a tambayi dalilinsu ba. Tamostat ɗin injin nan yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma sai inji ya kai zafinsa ƙwaƙwalwar mota ke daidaita mai yadda ya kamata, wato kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Injin da ba ya ɗumama, musamman da safiyar hunturu, ƙwaƙwalwa tana ta ƙara masa mai ne tana jiran zafin da ba zai zo ba. Ragowar man nan shi ke zama hayaƙi a bakin sensa da fulogi, har ya kai ga cin indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, wanda kuɗinsa ya ninka na sensa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wadda ka ɗaga ka ce ita tun asali ba ta wurin ba ce. A wannan Corolla sensar gaba da ta baya ba iri ɗaya ba ne, ko da zarensu ya shiga rami ɗaya. Ta gaban indomi tana auna gaurayen mai da iska ne dalla-dalla, a kwamfuta takan tsaya wajen bolt 3.3, ta baya kuwa tsakanin 0.1 da 0.9 take aiki. Mai shago ya ba ni abin da ya yi kama, mai ɗaurawa ya yanke waya ya haɗa. Kai kuwa lambar da ke jikin ta asali ka rubuta min a takarda, ka ce ta kamfanin Denso zan nema, in kawo maka ka duba kafin in biya, domin jabu sun cika kasuwa.

Sauran binciken ya tafi da sauri. Yaronka mai wayarin ya gwada fiyus da hitar sensa, ya bi wayar ko ta taɓa salansa ta narke, an toshe bakin salansa an saurari ko akwai inda hayaƙi ke zurara. Duk lafiya. Aka kankare gam, aka sa gasket, aka mayar da tamostat, aka maido da fanka kan tsarinta, aka canza baƙin mai, sannan a ƙarshe aka ɗaura sensa.

Malam, kwamfutar nan ba kai kaɗai ke da ita ba. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin da ake jona ta, yanzu kuma kusan kowane lungu akwai mai riƙe da ita. Abin da na samu a wurinka shi ne haƙurin tambayar me ya jawo lambar, da gaskiyar faɗa min cewa akwai kayan da ba na buƙatar saya. Har ringi na yi niyyar canzawa saboda maganar mutane, ka auna inji ka ce in riƙe kuɗina.

Damina ta wuce, hunturu ya shigo, na yi Zariya na yi Katsina da motar nan, fitila ba ta sake kamawa ba, shan mai kuma ya koma yadda na san shi. Roƙona gare ka, ka ci gaba da tsugunar da yaran nan kana nuna musu yadda ka yi a gabana, domin gobe su ne za su buɗe nasu garejin. Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa sana'a albarka, ya jiƙan magabata. A gaida yara, musamman mai wayarin.

Wassalam,
Abokin hulɗarku daga Gwale, Kano.